Ɗakin da Na Rufe wa Isiyaku a Istanbul

Da sunan Allah nake farawa, kuma gare Shi nake neman sassauci.

Mun sauka Istanbul ni da ƙanena Isiyaku a ƙarshen lokacin zafinsu, 'yan shekaru kafin yaƙin nan ya iso ƙasarmu Sudan. Na haura hamsin a lokacin, shi kuwa bai daɗe da shiga arba'in ba. Mu mutanen wani ƙauye ne kusa da Suki, manoma, kowa da hawasharsa, wato gonar da yake riƙe da ita a cikin aikin ban ruwa. Ni ban da noma ina ginin jalus, ginin laka da ake ɗorawa hawa-hawa, sai wannan ya bushe a aza wani. Ruwan tur'a, magudanar da ke shayar da gonakin, ya yi shekaru yana zuwa mana a makare, auduga ba ta fisshe mu. Ni na matsa wa Isiyaku ya biyo ni. Bai so ba, amma bai taɓa iya yi mini musu ba tun yana ƙarami.

Simsarin, wato dillalin da ya yi mana takardu a Hartum, ya ce akwai aiki a masana'antar ɗinki, kuma wani zai tarbe mu a filin jirgi riƙe da sunanmu. Mun karanta duk sunayen da aka ɗaga a ƙofar fita, namu babu. Lambar wayar da ya ba mu, in muka kira sai wata mata ta ɗauka tana Turkanci. Isiyaku har sallama ya riƙa yi mata yana tambayar lafiyar gida, kafin mu gane na'ura ce. Muka zauna a kan jakunkunanmu tun hantsi har la'asar ta gota. Wani ɗalibi ɗan garin Madani na ƙasarmu ne ya hangi rawanina ya tsaya, ya kira ni irin kiran mutanen gida.

"Ya zol, wa kuke jira?"

Na faɗa masa. Ko mamaki bai yi ba.

"Ba mai zuwa, ya hajj. Ku tashi mu tafi."

Da katinsa ya shigar da mu jirgin ƙasa, ya raka mu har unguwar da baƙin Afirka suke zama, ya nuna mana wata ƙofa, ya juya. Ban tambayi sunansa ba.

Zangonmu na farko wannan gidan ne. Maza ne cike da shi, 'yan Sudan da Cadi da Senegal da Nijeriya, katifa na gogar katifa. Wasu samari 'yan Kano suka ji muna magana suka yi ta dariya, wai Hausarmu ta kakanni ce aka jiƙa ta da Larabci. Isiyaku ya ce da su, "Taku kuma ta jikoki ce, Turanci ya cinye mata rabi." Daga nan suka zama abokansa. Shi haka yake, ba ya kwana biyu a wuri bai yi jama'a ba.

Su ne suka sama mana aikin dakon dilolin tufafi a wani sito. Mun yi wata muna hawa da sauka da kaya a baya. Ranar da ya kamata a sallame mu, mai siton ya shigo a guje ya ce 'yan sanda na tafe, duk marar takardar zama ya ɓace. Muka ɓace. Da muka dawo washegari, wani kwaɗo ne daban a ƙofar, maƙwabta kuma suka ce ba su san mutumin ba. Ba inda za mu kai ƙara. Muka gangara bakin teku muka zauna. Isiyaku ya daɗe yana kallon ruwan, sannan ya ce, "Ruwa har ruwa, Yaya, ba gona ɗaya da ke sha." Ya fara kewar gida ke nan. Burodi ya ishe shi, kisra yake so, wainar dawarmu ta gida. In ya kira matarsa Hauwa'u, sai ya ce ta juya wayar ya ga akuyoyi.

A masallaci muka haɗu da Abu Firas, mutumin Siriya, mai aikin gini. Ya ji muna Larabci ya matso. Da ya ji ni magini ne, ya kai mu wurin shugabansu, wani gajeren mutum mai furfurar gashin baki da ake kira Usta Ramazan. Usta ya kama hannuna ya juya shi, ya ga kantar da ke tafin, ya ce mu zo da safe. Wannan mutumin bai taɓa cin haƙƙinmu ba, ina so a san haka.

Aikin nasu baƙo ne a wurina. Ba gini suke yi ba, riga suke sa wa ginin da aka riga aka gama. Akwai wasu allunan farin soso mai tauri, irin wanda ake samu a kwalin sabon rediyo, amma manya. Ana shafa musu gam a manna su a jikin bene ta waje, tun daga ƙasa har sama, a kafe su da ƙusoshin roba, a shimfiɗa raga, a yi shafe, a yi fenti. Ni ina ƙasa ina kwaɓa gam da siminti. Isiyaku yana kan sigala, ƙarafan nan da ake hawa, yana miƙa alluna.

Wata rana muna shan shayi na tambayi Abu Firas dalilin wannan wahala. Ya ce doka ce. A ƙasar ana auna kowane gida a ga yawan zafin da yake zubarwa waje, da yawan gas da wutar da yake ci kafin ya yi ɗumi. Injiniya ya zo ya duba bango da tagogi da rufi, ya ba gidan takarda mai layukan launi, daga kore zuwa ja, kowane layi da harafinsa. Sabon gini ba a yarda ya faɗo ƙasa-ƙasa ba. Tsoho kuma, in za a sayar ko a ba da haya, sai a nemi takardarsa, mai saye ya san irin cin da gidan zai yi masa. Shi ya sa masu tsofaffin benaye suke kiran Usta.

Isiyaku ya ce, "To gidanmu na Suki wane harafi za su ba shi?"

"Da me kuke ɗumama shi?"

"Da rana."

"Da me kuke sanyaya shi?"

"Mu ja angarib, gadonmu na igiya, mu kwanta a tsakar gida."

Abu Firas ya ce, "Ku ba gida za a auna muku ba, tsakar gida za a auna." Ya fassara wa Usta, Usta ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.

Da aiki ya zauna sai muka bar gidan taron, muka kama ɗaki namu mu biyu. Badrum ne, ɗakin da ke cikin ƙasa a gindin wani tsohon bene. Mai gidan tsohuwa ce da mijinta ya rasu, kowa Teze yake ce mata, kamar a ce Inna. Taga ɗaya ce a ɗakin, can sama daidai da titi, ƙafafun masu wucewa kawai ake gani. A kusurwar bango kuma akwai wata 'yar kafa mai raga, faɗinta kamar tafin hannu, iska na shigowa ta nan.

Sai sanyi ya sauka. Sanyin da muka sani a gida busasshe ne, na asuba, rana na fitowa ya kama gabansa. Wannan jiƙaƙƙe ne, ba ya tafiya, yana shiga ƙashi ya zauna. Bangon ɗakinmu in ka taɓa shi kamar ka taɓa ƙanƙarar masu sayar da lemo. Muna da ɗan abin ɗumama ɗaki na lantarki, amma gaban ƙafarka kawai yake gasawa, bayanka na daskarewa. Isiyaku ya fi ni shan wuya, don shi ke yini a sama iska na dukansa. Da hula biyu yake kwana. Wata Lahadi, ranar hutunmu, yana duƙunƙune cikin bargo ya ce mini, "Yaya, wanga sanyi ba na mutane ba ne. Duk yini muna sa wa gidajen mutane riga, mu dawo mu kwana a gida tsirara."

Maganar ta zauna mini. Ni na kawo shi. Ni kuma magini ne.

A wurin aiki guntayen soso suna taruwa tuli, zubarwa ake yi. Na sami Usta tare da Abu Firas na roƙi a ba ni.

"Me za ka yi da su, amja?" Haka yake kirana, wato kawu.

"Ɗakinmu zan yi wa riga."

"Badrum ne fa. Ta ina za ka bi ta waje? Yana cikin ƙasa."

"Ta ciki zan yi."

Usta ya ajiye kofinsa ya yi magana mai tsawo, yana zane da yatsa a kan buhun siminti. Abu Firas ya taƙaita mini. "Ya ce ba a manna shi ta ciki haka kawai. Bangon zai ƙara sanyi a bayan soson, ya riƙa gumi. Akwai yadda ake yi, da wata leda ta musamman da hanyar iska, kuma injiniya ke lissafawa. Ya tambaya ko akwai kafar iska a ɗakin."

"Akwai. Ita ce ma ke kashe mu."

"Ya ce kar ka taɓa ta. Doka ce."

Da bai ce doka ba, wataƙila da na tsaya na yi tunani. Mu a hawasha mun saba da doka. Mufattishi, jami'in da ke duba gonaki, zai zo cikin motarsa da takarda daga ofis, ya ce ranar kaza za a yi shuka, ka ce masa "hadir", wato an gama, ya tafi, kai kuma ka duba ƙasa ka yi abin da ka sani. Na ɗauka wannan ma irinta ce. Na ce a raina, ta waje suke mannawa don mai dubawa ya gani daga titi ba sai ya shiga ba. Tun kafin a haifi Usta nake ɗora bango, ban taɓa ganin wanda ya yi gumi ba. Maƙiyan bango da na sani su ne ruwan sama, da ambaliya a gindi, da gara. Kafa kuwa, a wurinmu abin kunya ce ga magini. Ta nan ƙurar guguwar habub ke shiga, ta nan kunama ke shiga. Magini na kirki toshe ta yake yi.

Na ce wa Usta, "Hadir." Ya ba ni guntayen, yana zaton ƙarƙashin katifa zan shimfiɗa.

Lahadi biyu na yi ina aikin, kuma ban taɓa yin aiki da zuciya ɗaya kamarsa ba. Na jera guntayen na haɗa su baki da baki, na manne bangon nan duka, na yi shafe mai santsi, na shafa farar ƙasa. Kafar iskar na cusa mata soso na shafe ta, har ba ka gane inda take. Na liƙe gefen taga, na kafa roba a ƙasan ƙofa. Teze ta sauko ta ga ɗaki fari tas, ta ce masha Allah, ta koma ta kawo mana miyar adas, wani ɗan ƙaramin wake, mai zafi.

Ɗakin ya yi ɗumi, ba zan ɓoye ba. Isiyaku ya cire hulunansa, ya miƙe ƙafa, ya ce, "Yaya, ka mai da mu Suki." Samarin Kano suka riƙa zuwa ranar Lahadi shan jabana, gahawarmu ta gida, suna shafa bangon suna cewa tsoho ya iya. Na ji daɗin wannan yabo fiye da yadda ya kamata.

Tarin ya fara masa a tsakiyar sanyin. Busasshe ne, ba majina. Na ce sanyin sigala ne ya kama masa ƙirji, kuma maganin wannan mun san shi tun a gaban mahaifiyarmu: surace. Hauwa'u ta ƙulla masa bagaruwa mai yawa a cikin kayansa. Kullum in mun dawo sai in tafasa ta a babbar tukunya, in lulluɓe shi da bargo ya shaƙi tururin. In ya gama ba na sauke tukunyar, ina barin ta tana ɓararraka a hankali don tururin ya cika ɗakin, ƙirjinsa ya yi laushi. Wankinmu ma a ciki muke shanyawa, don a waje ba ya bushewa. Gilashin taga ya riƙa zubar da ruwa, ina gogewa da tsumma ina cewa alamar ɗumi ce. Wani wari ya fara tashi, kamar na rumbun da ruwa ya shiga. Na sayo turaren wuta na riƙa turarawa.

Tarin bai tafi ba. Numfashinsa ya fara gajarta. In ya hau hawa biyu na sigala sai ya tsaya ya riƙe ƙarfe. Usta ya sauko da shi ƙasa wurina, daga baya ko buhu ba ya iya ɗagawa. Akwai abin da na lura da shi amma na karanta shi a juye. Ranar da ya yini a waje yakan ɗan warware, ranar da ya yini a ɗaki sai zazzaɓi ya rufe shi. Ni kuwa sai na ce sanyin jiya ne yake fitowa yau. Na hana shi fita gaba ɗaya.

"Yaya, bari in ɗan zauna bakin ƙofa, ɗakin ga ya yi mini nauyi."

"Ka zauna inda Allah Ya ba ka ɗumi. Fitar nan ce ke mai da mu baya."

Ya koma ya kwanta. Ina fita aiki ina ja masa ƙofa, in tura robar ƙasan da ƙafa don kar iska ta sami hanya.

Da ya fara ramewa, Abu Firas ya kai mu wurin wani likita da ke duba marasa takarda. Likitan ya saurari bayansa ya daɗe, sannan ya fara tambaya, Abu Firas na fassarawa.

"Yana shan taba?"

"Bai taɓa ba."

"Kuna kiwon tantabaru, ko wasu tsuntsaye?"

Isiyaku ya ce, "Ka ce masa mu kanmu da ƙyar muke kiwon kanmu."

"Ɗakin da kuke kwana fa? Akwai danshi? Akwai baƙi-baƙi a bango?"

Ni na amsa, ban bar Isiyaku ya buɗe baki ba. Na ce ɗakinmu ya fi kowane ɗaki a unguwar ɗumi da tsabta, bangonsa fari kamar madara. Kuma ba ƙarya na yi niyya ba, abin da idona ke gani na faɗa. Likitan ya ba da magani. Muka koma, na ƙara yawan suracen.

Gab da ƙarshen sanyi 'ya'yan Teze suka yanke shawarar sayar da benen. Dole a nemi takardar nan mai launi, kuma suna so a yi wa gidan riga kafin a auna shi don harafinsa ya hau. Teze ta tambaye ni ko na san mai aikin kirki, na haɗa ta da Usta. Ranar da aka sa, da hantsi, ya zo da Abu Firas da injiniyar da za ta duba, wata matashiya da ba ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba. Tana riƙe da na'ura kamar babbar waya, in ta nuna ta ga bango sai ta fito da zafi da sanyinsa cikin launi. Suka bi hawa-hawa, daga ƙarshe suka sauko badrum. Ni na buɗe musu ƙofa, har da ɗan alfahari.

Tana shiga ta tsaya cak. Ta ja iska ta hanci. Ta dubi tukunyar da ke tururi, ta dubi rigunan da ke kan igiya, ta dubi Isiyaku a kwance. Ta nuna na'urar ga bango ta bi shi a hankali, ta yi tambaya.

Abu Firas ya ce, "Tana tambaya ina kafar iskar ɗakin."

Na nuna kusurwar. Usta ya je ya ƙwanƙwasa wurin da yatsa, ya ƙwanƙwasa gefensa, ya ji ƙarar soso. Bai dube ni ba. Ya nemi izinin Teze, ya zaro wuƙar aiki, ya yanka murabba'i a ƙasan bangon, wajen kan gadon Isiyaku, ya ɓamɓaro.

Bayan soson baƙi ne ƙirin, kamar gindin tukunya, amma jiƙe, da gashi-gashi, da tabon kore a wurare. Ruwa ya gangaro daga ramin ya bi ƙasa. Warin da na yi watanni ina rufewa da turare ya fito gaba ɗayansa. Usta ya sa hannu ya ci gaba da ɓamɓara, allo bayan allo, ko'ina haka yake. Fumfuna ce ta cinye bangon tun daga ƙasa har sama, kuma inda ta fi kauri shi ne daidai inda ƙanena ke ajiye kansa.

Injiniyar ta rufe hancinta da gyale ta yi magana da sauri. Abu Firas ya ce, "A fitar da shi yanzu. Ta ce kar ya ƙara kwana a nan."

Na dubi ruwan da ke bin ƙasa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ka tambaye ta daga ina ruwan ya zo. Ba ruwan sama a nan, ba famfon da ya fashe."

Abu Firas ya tambaye ta, amma ba da baki ta amsa ba. Ta ɗaga gilashin na'urar zuwa bakinta ta huro masa numfashi, ya yi hazo, ta nuna mini. Sannan ta nuna tukunya, ta nuna wanki, ta nuna bakina da na Isiyaku, ta nuna kusurwar da na shafe. Na gane. Ruwan namu ne. Mu muka fitar da shi, ya rasa hanyar fita, ya ratsa ta bayan soson ya sami bango mai sanyi ya kwanta. Duk tukunyar da na dafa don in warkar da shi, abin da ke cinsa na shayar.

Usta bai ce ya gaya mini ba. Ya ɗauki guntun da ya yanko yana duba shafen, ya faɗi wata gajeruwar magana. Sai da na matsa wa Abu Firas ya fassara. "Ya ce hannunka na da kyau, amja. Ya ce da ma aikin banza ka yi, da iska ta samu ta inda za ta bi."

Teze ce ta kama hannun Isiyaku. Ta hau da shi a hankali, yana hutawa a kowace kwana ta matakala, har ɗakin marigayi mijinta, wanda ba ta barin kowa ya shiga. Yana da babbar taga da rana ke bugawa. Ta buɗe ta, ta gyara masa gado, ta ɗauko rigar sanyin mijin ta yafa masa. Ba ta jin Larabci, shi ba ya jin Turkanci, amma kullum na dawo aiki ina samunsu suna hira, kowa da harshensa. Zazzaɓin ya sauka cikin 'yan kwanaki. Numfashin bai dawo ba.

Muka koma wurin likita, na faɗa masa abin da aka gani. Ya tura mu aka ɗauki hoton ƙirji. Ya ce huhun ya yi tabo. Magani zai hana abin ci gaba in Allah Ya yarda, amma abin da ya tafi ya tafi. Ba aikin ƙarfi, ba ƙura, ba danshi. Na tambaye shi kai tsaye ko ɗakin ne. Ya ce ƙurar wurin aiki ma tana iya samun rabonta, ba wanda zai iya rabewa. Na ce ba wannan na tambaya ba. Ya ce, "Ɗakin na cikin abin da ya jawo."

Ni na wanke bangon da kaina bayan an kwashe soson, da abin rufe hanci da Usta ya ba ni, na kuma buɗe kafar da hannun da ya toshe ta. An yi wa benen riga ta waje yadda doka ta ce, amma ba mu tsaya ganin harafin da aka ba shi ba. Ranar tafiyarmu Usta ya kai mu filin jirgi da motarsa ta aiki. Da muka fito ƙofa, Teze ta biyo mu da kwano ta watsa ruwa a bayanmu. Abu Firas ya ce al'adarsu ce ga matafiyin da suke so ya isa lafiya. A filin jirgi aka buga mana hatimin hana dawowa. Isiyaku ya ce wa ma'aikacin da Hausa, "Ka huta, ko ba ka buga ba."

Daga Hartum muka hau bas. A Kamlin aka tsaya cin abinci, rana tsaka, zafi kamar bakin tanda. Kowa ya ruga inuwa. Isiyaku ya sauko ya zauna a kan wani dutse a tsakiyar rana, ya rufe ido, yana jan busasshiyar iskar nan a hankali. Na kawo masa kisra da miya. Ya ci kaɗan ya ce, "Ko ita ma sai da numfashi ake cinta, ashe." Muka wuce Madani da Sinnar, muka isa gida da la'asar.

Daga inda mota ta ajiye mu zuwa ƙofar gidansa ba nisa, amma sai da ya tsaya hutawa a hanya. Hauwa'u na bakin ƙofa tana kallo. Ta karɓi jakarsa daga hannuna, ta ce, "Sannu da hanya, Yaya. Allah Ya saka da ka dawo mana da shi."

Washegari maza suka taru a rakubar ƙofar gida, rumfar da muke zama, ana gaisuwa ana tambayar labarin ƙasar Turkawa. Wani ya ce ya ji sanyinsu na kisa ne. Isiyaku ya ce gaskiya ne, amma shi Yaya ya gyara masa ɗaki, har daga wata unguwa ake zuwa kallo. Mutane suka juyo gare ni suna sa albarka.

Na ce, "Ku dakata. Wancan ɗakin shi ne ya..."

Ya ɗora hannu a gwiwata. Ya jira numfashinsa ya daidaita, kowa na saurare.

"Ni na ce ina jin sanyi, Yaya. Halas, zance ya ƙare."

Na faɗa wa Hauwa'u komai daga baya, ni da ita. Ta saurara har ƙarshe, ta ce shi ma ya gaya mata, ya kuma ce kar ta tayar mini da zancen.

Isiyaku yana nan da rai. Bai ƙara riƙe fartanya ba. Ni nake ban ruwa a hawashata da tasa, shi yana zaune a gindin bishiya a bakin tur'a yana gaya mini inda na yi kuskure. Lokacin da yaƙi ya tashe mu daga ƙauye, sa'o'insa da ƙafarsu suka fita ɗauke da 'ya'yansu. Shi a keken jaki na ɗora shi tare da tsofaffin mata, yana ba su dariya, ni ina jan jakin ban iya waiwayowa ba. Allah Ya sa muka dawo.

A masallaci kusa da shi nake tsayawa a sahu, kafaɗa da kafaɗa. Liman na karatu, ni numfashin Isiyaku nake saurare, yadda yake shiga da ƙyar ya tsaya, in jira ya fito. Sau da yawa ana sallamewa ban san surar da aka karanta ba. Allah Ya yafe mini wannan ma.